Farin da Aka Ce Kada a Taɓa

Litinin, 3 ga Afrilu, 2000. Bayan Magariba, Ƙaura.

Yau ban yi lodin Shinkafi ba. Sanda ƙanena ya tare ni a tasha da sassafe, ko sauka daga babur ɗinsa bai yi ba, ya ce Inna na nemana a Zurmi. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, maganar yarinyar nan ce.

A gidanmu in an ce yarinyar nan, Mardiyya ake nufi. 'Yata ce ta fari, shekararta shida, tun ranar da aka yaye ta take hannun Inna. A takarda kawai nake iya kiran sunanta. A gaban Inna ko kallon kirki ba na yi mata. Haka muka taso, ɗan fari na kaka ne, uba sai ya kau da kai ya yi kamar bai san da shi ba.

Na isa da azahar, rana na dukan ƙasa. Inna na tankaɗe a rumfa, yarinyar na barci kan tabarma kusa da ita. Ina cikin gaisuwa sai na ji wani gurnani, wallahi na ɗauka akuya ce ta shaƙe da igiya. Ashe ita ce. Baki a buɗe, wuya a miƙe, tana minshari irin na ƙaton namiji. Can sai ya ɗauke. Ƙirjinta na ja, cikinta na shiga, amma iska ba ta wucewa. Na daskare a durƙushe. Sai da ta zabura kamar an watsa mata ruwa sannan numfashin ya dawo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne uban, sai yau na gani.

Inna ko a jikinta. Ta ce, “Haka take kullum. Belu na, ya sake tohowa. Na yi magana da wanzami, Juma'a shina zuwa shi yanke.”

Na ce to. Abin da bakina ya iya ke nan, to.

Talata, 4 ga Afrilu. Da hantsi.

Belun da aka cire tun tana jaririya, ta ina zai sake fitowa? Hannuna na kan sitiyari, hankalina na Zurmi. Na kusa taka rago a hanyar Shinkafi, wani fasinja ya ce direba ko barci kake, na juya na zazzage masa abin da bai nema ba. Allah ya yafe min, bawan Allah bai yi laifin komai ba.

Laraba, 5 ga Afrilu. Bayan La'asar.

Na yi wa Inna dabara. Na ce zan kai yarinyar Shinkafi ta ga sabon ƙanenta, tunda uwarta, matata Balaraba, tana can gidansu tana wankan jego. Inna ta saka mata sabuwar riga, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ce kada in bari ta sha ruwan sanyi. Daga Zurmi na zarce da ita asibiti nan Ƙaura.

Likitan ya danne harshenta da wani ɗan katako, ya haska tocila, ya ce zo ka gani da idonka. Na leƙa. Tabɗi! Ƙululun nama biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, jajaye, sun kusa haɗewa a tsakiya. 'Yar hanyar da ta rage ko ɗan yatsana ba zai wuce ba. Ya ce akwai wani naman kuma bayan hanci wanda ba a gani, shi ya toshe mata hancin. Ya tambaye ni tana yawan zazzaɓi? Tana jin magana sosai? Tana cin abinci? Tana fitsarin kwance? Kowace tambaya sai in ce ban sani ba. Ya ajiye biro ya dube ni ya ce, “Malam, kai ne mahaifinta kuwa?”

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce aiki za a yi mata a Gusau, akwai likitan wuya da ke zuwa daga Sakkwato. Ya ce kada in kuskura in bar kowa ya sa mata aska, wurin akwai jijiyar jini, in ta ɓalle ba mai tsayar da ita a ƙauye.

A mota ta ce min, “Baba, yanka ni za a yi?” Muryarta ta hanci take fita. Na ce a'a, gyara za a yi.

Alhamis, 6 ga Afrilu. Da yamma, Shinkafi.

Kasuwa ta ci, na sauke fasinja na kai ta gidan su Balaraba. Balaraba ta fito daga wanka jikinta na tururi, ta dubi 'yarta sau ɗaya ta kau da kai, saboda Hajiya mahaifiyarta na zaune. Sai da Hajiya ta shiga ɗaki ta jawo ni gefe. Na faɗa mata komai. Ta dafe bango.

Ta ce, “Ni na daɗe da lura ba ta girma. Duk Sallah in auna ta da ido, tana nan yadda take. Amma ta yaya zan buɗe baki a ce na yi rashin kunya?”

Mu biyu ke nan, uwa da uba, kowa ya gani ya haɗiye.

Juma'a, 7 ga Afrilu. Bayan saukowa daga masallaci.

Na je Zurmi ni kaɗai. Wanzami ya zo da zabirarsa, yana zaune a zaure. Na gaishe shi, na ba shi haƙuri, ya ɗauki zabirarsa ya tafi. Sannan na shiga wajen Inna.

Ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ce, “Ni ka yi ma wayo, Maitama? Ni? Ku duka wanga wanzami ya cire muku belu, wa ya mutu? Yanzu an ba ku jiha, kun samu Gusau, sai ku kai min ɗiya a kwantar a yanka kamar kaza?”

Na ce Inna ba belu ba ne, na gani da idona.

Ta ce, “Ka gani? Tun yaushe ka hwara gani?”

Sanda ne ya yi ta lallashinta har ta ce mu je, in wani abu ya samu ɗiyarta ba ta yafe ba.

Litinin, 10 ga Afrilu. Da yamma.

Gusau. Sun duba jininta, sun ce tana da zazzaɓi, sai ya sauka tukuna. Sun sa mana Talata ta sama.

Asabar, 15 ga Afrilu. Da rana.

Tana wajena a Ƙaura, matar maƙwabcina Mairama ke kula da ita in na fita. Yau na dawo da wuri na zauna ina kallon yadda take cin tuwo. Loma ɗaya sai ta yi ta juya ta a baki, ta runtse ido kafin ta haɗiye. Shekara nawa tana wannan wahala? Ashe ba ta son kifi, tana son rake, tana tsoron agwagwa. Duk yau na sani. Ta iya waƙoƙin Inna kaf, tana yi tana tafi, hancinta a toshe. Na yi dariya har hawaye, daga baya ban san ko na dariyar ba ne.

Talata, 18 ga Afrilu. Da hantsi, Gusau.

Sun shiga da ita. Ta riƙe min riga, nas ta ɓamɓare hannunta.

Da azahar.

Sun fito da ita. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Laraba, 19 ga Afrilu. Bayan Azahar.

Ta yi barci ɗazu, ba ƙara ko kaɗan. Baki a rufe. Na tsorata, na sa kunnena a hancinta, na ji iska na shiga na fita siririya. Na ruga na kira nas na ce ta zo ta duba, yarinyar ta yi shiru da yawa. Ta yi min dariya ta ce, “Baban Mardiyya, haka yara ke barci.”

Likitan ya zo ya zaunar da ni. Ya ce aikin ya yi kyau, saura jinya, kuma jinyar ta fi aikin haɗari. Ya ce a ba ta abu mai sanyi da laushi, ruwan ƙanƙara, nono, koko in ya huce sarai. Ba abu mai zafi, ba yaji. Ya ce nan da kwana kaɗan zan ga wani farin abu ya rufe inda aka yanka, kamar ruɓa, har da ɗan wari. Ya ce ba ruɓa ba ne, shi ne murfin ciwon, ƙarƙashinsa nama ke tohowa. Kada a taɓa shi, da kansa zai faɗi. Ya maimaita, kada a taɓa. Ya ce in na ga jini ko ɗis ne, in kawo ta a guje.

Na ce ranka ya daɗe, an gama.

Alhamis, 20 ga Afrilu. Bayan La'asar, Zurmi.

An sallame mu. Ina zan kai ta? Balaraba na jego, ni ina kan hanya kullum. Kuma ko ba haka ba, 'yar Inna ce. In na wuce da ita wani wuri na sake cin fuskar tsohuwa.

Gidan cike da mata 'yan sannu. Inna ta rungume ta tana kuka, ita ma ta ƙanƙame Inna kamar za ta shige cikinta. Na ajiye kula cike da ƙanƙara na durƙusa. Na ce Inna, likita ya ce abu mai sanyi za a riƙa ba ta.

Matan suka kwashe da dariya. Inna ta ce, “Ƙanƙara? Ga mai ciwon wuya? Mi ya kawo ciwon in ba sanyi ba? Ciwo ai gashi shika so.”

Na ce Inna don Allah, haka suka ce. Kuma akwai wani farin abu da zai fito a wuyan…

Wata tsohuwa maƙwabciya, Hindu, ta tafa hannu ta ce, “Oh oh, 'yan zamani! Uba a gaban uwarsa yana karanta jinyar ɗiyar hwari. Maitama, ina ka yar da kunyarka?”

Suka sake fashewa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Tashi ka tahi. Na raini bakwai kahin ka san hannun damarka.”

Na tashi.

A zaure na kama Sanda na faɗa masa maganar farin abun, na ce ya faɗa mata in mata sun watse. Ya ce ba komai Yaya. Sanda da ke fita kabu-kabu tun asuba sai dare.

Asabar, 22 ga Afrilu. Da safe.

Na aika ƙanƙara da direban Zurmi.

Lahadi, 23 ga Afrilu. Da safe.

Na aika ƙanƙara. Ya dawo min da kular jiya, ya ce Inna na gaisuwa, yarinya da sauƙi.

Talata, 25 ga Afrilu. Bayan Magariba.

Na je da kaina. Kulata na gindin rumbu, ƙanƙarar ta narke, kaji na sha. Na wuce ciki.

Yarinyar na kwance a ɗaki, ta yi zuru-zuru. Da ta gan ni ta ɗaga kai kamar za ta yi magana, sai ta dubi Inna ta fasa. Kusa da murhu akwai ɗan kwano da ruwan kanwa, yana tururi, da wani farin ƙyalle an yayyaga shi sili-sili.

Inna ta ce, “Mutanen naka ba su wanke ciwon ba da kyau. Amma ina kula da shi.”

Na ga kwanon. Na ga ƙyallen. Hindu na zaune a bakin ƙofa tana tsinkar zogale tana kallona. Tocila na cikin aljihuna, tun daga Ƙaura na taho da ita don in haska wuyan in gani.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na yi sallama.

Duk hanya ina ce wa kaina ƙyallen na gasa wuya ne ta waje. Ai ana gasa wuya ta waje.

Laraba, 26 ga Afrilu. Da rana.

Ta waje ne. Jibi Juma'a zan koma, in same ta ita kaɗai in yi mata bayani a tsanake.

Alhamis, 27 ga Afrilu. La'asar.

Jini.

Juma'a, 28 ga Afrilu. Da hantsi, Gusau.

In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Ina tashar Shinkafi jiya, mota ta cika saura mutum ɗaya, sai ga wani direban Ƙaura ya shigo da gudu ko fakin bai gyara ba. Ya ce Maitama bar lodin nan, 'yarka na asibitin Ƙaura. Na ce fasinja su sauka. Wani ya fara min maganar kayansa da ke kan mota, ban san lokacin da na watso buhunsa ƙasa ba.

Yadda Sanda ya ba ni labari, wai tun safe take haɗiyar yawu, tana haɗiya tana haɗiya, ba ta ce komai ba. Wajen azahar ta tashi za ta fita sai ta yi amai. Baƙin jini, guda-guda, ya cika tasa. Sannan ja ya biyo baya. Allah ya sa ranar Sanda ya dawo gida cin abinci. Ya ɗaure ta a bayansa da zanen Inna ya hau babur. Inna ta biyo su ba takalmi har bakin titi, tana roƙon 'yan kabu-kabu, ba wanda ya yarda ya ɗauke ta, tunda aka hana ɗaukar mata kowa tsoron bulala yake. A nan ya baro ta tsaye.

Na same ta a Ƙaura an sa mata ƙarin ruwa, an cusa mata auduga a baki. Fari fat, leɓɓanta kamar toka. Bayan rigar Sanda ya jiƙe sharkaf. Suka ce jinina ya yi daidai da nata, na ce ku kwashe duka. Daga nan na kwantar da ita a kujerar baya, nas ɗaya ta riƙe ledar ruwan, na taka mota zuwa Gusau. Ban san yadda muka iso ba.

Sun shiga da ita sun ɗaure jijiyar.

Da likitan ya fito bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce, “Wa ya goge mata wuya?”

Na kalli ƙasa.

Ya ce, “Da kai nake. Wani lokaci ko ba a taɓa ba yakan ɓalle, wannan na Allah ne. Amma nan an kankare wurin, ga ƙuna, ga zaren ƙyalle na ciro. Ban faɗa maka ba? Ban maimaita maka ba?”

Na ce ka faɗa, ranka ya daɗe.

Ya ce to wane ne?

Ban faɗa masa ba. Nan ma ba zan rubuta ba.

Bayan La'asar.

Ba ta farka sosai ba. In ta buɗe ido ba ta gane ni.

Asabar, 29 ga Afrilu. Da safe.

Zazzaɓi ya rufe ta. Sun ce wurin ya kama ƙwayar cuta.

Da yamma.

Sanda ya zo, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce, “Yaya, na manta. Wallahi na yi niyya, na manta.” Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai hannun ya tsaya a sama. In na mare shi, ni wa zai mara?

Ya ce Inna ba ta ci komai ba tun ranar. Tana zaune inda tasar take, ta hana a wanke. Tana ta cewa asibiti sun kashe mata ɗiya, ita da ta yi ta fama da ruɓar safe da yamma.

Na ce kada ya faɗa mata komai.

Lahadi, 30 ga Afrilu. Azahar.

Jinin ya sake ɓallewa. Sun sake shiga da ita. Sanda ya ba da nasa jinin.

Ya Allah. Ya Allah, shekara shida ina kau da kai, kwana nawa ne na samu na kalle ta?

La'asar.

Sun fito. Likitan ya ce mu yi addu'a, in ta wuce kwana biyu bai dawo ba, to.

Litinin, 1 ga Mayu. Da hantsi.

Balaraba ta zo. Ta fasa jegon, ta goyo jariri ta shigo motar mata daga Shinkafi, Hajiya na bin ta da faɗa har tasha wai sanyi zai kama ta. Tana shigowa ɗakin ta zube gaban gadon ta ce, “Mardiyya! Mardiyya, ga ni, uwarki ce.” Da ƙarfi, gaban kowa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Daga baya ta same ni a baranda. Nas ta riga ta ba ta labari. Ta ce, “Ka san da maganar farin abun?”

Na ce na sani.

“Ka faɗa?”

Na ce na fara.

Ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ta gyara goyonta ta koma ciki.

Talata, 2 ga Mayu. Da rana.

Ba jini. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Ina tsoron in yi murna.

Laraba, 3 ga Mayu. Da safe.

Ta farka ta ce ƙishirwa. Balaraba ta ba ta ruwan ƙanƙara da cokali, ta sha, ta ce a ƙara. Likitan ya haska wuyan ya ce farin ya fara dawowa, alama mai kyau. Ya ce ta tsallake, in sha Allahu. Ya ce amma a kiyaye, kada ta yi kuka mai ƙarfi, kada ta yi ihu. Na kama hannunsa da hannu biyu, ya zare ya wuce, har yanzu haushina yake ji. Ya yi daidai.

Na fita bayan ɗakin na yi sujada kan tsakuwa.

Bayan La'asar.

Inna ta zo.

Ita da ba ta taɓa wuce Ƙaura ba, ta tambayi hanya har Gusau ita kaɗai. Ta rame, idonta ya faɗa. Tana riƙe da filas da ɗan ƙunshi a gefen zane. Balaraba ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauki jariri ta fita.

Yarinyar na zaune an jingina ta da matashi. Inna ta nufe ta tana cewa, “Ɗiyata, ɗiyata, sun bar min ke?” Ta ajiye filas ɗin, ta miƙa hannu za ta shafa fuskarta.

Mardiyya ta kalli hannun. Sai ta sa tafukanta biyu ta toshe bakinta gam, ta manne da bango. Ba ta yi kuka ba. Idonta kawai ke bin yatsan Inna duk inda ya yi.

Inna ta ce, “Ke, ni ta hwa. Innarki.”

Ta ƙara danne bakin.

Inna ta tsaya da hannu a miƙe. Ta dubi yarinyar, ta dubi ɗan yatsanta manuni. Sai ta juya ta fita a hankali. Na bi ta.

Ta zauna a gindin dogonyaro a harabar asibitin. Na durƙusa nesa kaɗan. Ta ce, “Matso.” Na matsa.

Ta ce, “Wanga hwarin abu da ke wuyanta. Mi ne ne?”

Na ce Inna, ƙaddara ce, likita ma ya ce wani lokaci…

“Ba likita nika tambaya ba.”

Na ce murfin ciwon ne, Inna. Shi ke riƙe jinin.

Wata mai tallar gyaɗa ta zo ta tsaya, ta ga fuskokinmu ta wuce.

Ta ce, “Shi ne ka hwara hwaɗi, rannan?”

Na ce shi ne.

Ta ce, “Tana kuka tana riƙe min hannu, ina ce mata yi haƙuri, yanzu ki warke. Sahe da marece.” Ba ta yi hawaye ba. Ni ne na yi, gabanta, ban ko rufe fuska ba. Na ce Inna laifina ne, na ga kwanon, na ga ƙyallen. Ta ɗaga min hannu in yi shiru.

Ta kwance ƙunshin ta miƙo min. Rigunan yarinyar ne, da 'yan takalmanta, da allonta ƙarami. Ta ce, “Na kawo don ta sa ranar da za mu koma gida. In an sallame ku, ka kai ta wurin uwarta. Kada ka biyo da ita Zurmi.”

Na ce haba Inna, yarinya ce, za ta manta.

Ta ce, “Ni ba ni mantawa.”

Na ce to bari in kai ki a mota. Ta ce a'a, zauna ka dubi ɗiyarka. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa itacen, ta nufi ƙofa ba ta waiwayo ba.

Na koma ciki da ƙunshin. Mardiyya ta sauke hannuwanta. Ta kalli ƙofa, ta kalli kayanta a hannuna. Cikin sabuwar muryarta, wadda ba ta hanci ba, ta ce, “Baba, Inna ta tahi?”

Na ce ta tafi.

Ta ce, “Ba da ni ba?” Ta fashe da kuka, tana Inna, Inna, a kira min Inna. Balaraba ta rugo ta rungume ta tana roƙonta ta yi shiru saboda wuyan, nas na faɗa, ita kuwa sai ƙara miƙa hannu take wajen ƙofa.

Na fita a guje har bakin titi. Motar da Inna ta shiga ta riga ta tashi.